Hutun Da Na Ba Yaya Bawa

Gusau,
14 ga Oktoba, 1997.

Malam Lukuman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Nafisa da yara. Yaya aiki, yaya fama da marasa lafiyar Bungudu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na ba direban da ke kawo burodi garinku wannan takarda, don na san in na zo da kaina sai mun ɗaga wa juna murya, kuma abotar shekara talatin ta wuce haka.

Lukuman, bari in tuna maka ko ni wane ne, don da alama ranar Asabar ka manta. Ni ne na bar makaranta a aji uku da Baba ya rasu, kai ka wuce har ka zama malamin asibiti. Na shigo Gusau daga 'Yankuzo a bayan motar auduga, da riga ɗaya a wuyana. Na yi dako a tasha. Na yi shekara huɗu ina kwaɓa fulawa a gidan burodin wani, har yau tabon wuta yana hannuna. Tanderuna na farko ni na buga tubalinsa, ni na gina. Yau ina da gidan burodi biyu, motoci uku, da shagon sarin lemo. Na je Makka sau biyu, na kai Inna kafin Allah ya karɓe ta. Tun da aka ba mu jiha bara, ma'aikatan da suka taso daga Sakkwato da burodina suke karya kumallo. Ba ubangida, ba gado, ba wani babba a gwamnati. Allah ne, sai gumina.

Amma duk cikin wannan ba abin da ya kai mini ranar da na karɓe fartanya daga hannun wana, Yaya Bawa. Shekara tara ke nan. Ka san yadda yake a lokacin, ƙafa duk kaushi, ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Na ɗauko shi da matarsa Hafsatu, na gina musu sashe jikin nawa, na sa 'yan ƙwadago a gonarsa, na rantse ba zai ƙara duƙawa a rana ba. Na ajiye masa kujera a ƙofar shago, ƙarƙashin fanka. Da safe shayi mai kauri da burodin farko da ya fito daga wuta. Da rana shinkafa da nama daga gidana. Lemo mai sanyi kuwa hannu kawai zai miƙa. Ko masallacin Juma'a a mota ake kai shi. Mutanen 'Yankuzo in sun zo ba sa gane shi, sai su koma gida suna cewa Mannir ya riƙe ɗan'uwansa.

Sai ga ka ranar Asabar da tef irin na tela, ka zagaya cikin yayana a gaban ma'aikatana kamar za ka ɗinka masa wando. Ka matse masa dantse da abin awonku, ka huda masa yatsa, ka ce sukari ya hau, jini ya hau, tumbi ya wuce ƙa'ida, wai kana zargin har maiƙo ya yi yawa a jininsa, wai duk tare suke tafiya. Ka ce ya riƙa tafiya ƙasa kullum, ya bar lemo da sukari da kitse, ya rage gishiri, ya koma tuwon dawa da miyar ganye. Duk na jure. Abin da ban jure ba shi ne da ka ce hutun da na ba shi ne yake kashe shi, sannan ka juyo da tef ɗinka kaina.

Wato in mayar da shi kan abincin da na yi shekara ashirin ina wahala don in raba shi da shi? A ga wan Alhaji Mannir yana taka ƙasa a titin Gusau kamar wanda ba shi da kowa? Kai a Bungudu kake, ba ka san bakin 'yan kasuwar garin nan ba.

Ban musa ba, yana yawan shan ruwa, yana yawan zagayawa, yakan yi gyangyaɗi a kan kujera, wani lokaci ya ce kansa na sara. Shekaru ne. In magani ne, rubuto mini wanda ya fi kowanne kyau, ko a Kano yake zan aika a kawo. Ƙwayoyin da ka bar masa ma ban hana shi sha ba. Amma maganar tafiya ƙasa da tuwon dawa, ka bar ta a Bungudu.

Ka gaida mutanen gida. Burodi biyar na cikin kwali na yara ne.

Naka,
Alhaji Mannir Jatau.

Gusau,
13 ga Afrilu, 1998.

Aminina Lukuman,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Ina fatan ka koma gida lafiya, ka iske Nafisa da yara lafiya. Na gode da zuwanka asibiti jiya, Allah ya bar zumunci. Jikin Yaya yana nan yadda ka bar shi, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, maganar ba ta fita.

Jiya a barandar asibiti ka tambaye ni dalilin da ya sa Yaya ya daina zuwa wurinka awo tun watan Fabrairu, da abin da ya sa ya bar shan magani. Na ce maka ban sani ba. Ƙarya na yi maka, Lukuman. Na sani. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ashe tun bayan zuwanka na farko Yaya ya ɗauki maganarka, ni ne ban sani ba. In an idar da sallar asuba sai ya bi ta bayan gari a ƙasa har bakin gulbi, wurin wani dattijo mai lambun albasa da ake kira Labbo. Ya sayi 'yar fartanya ya ɓoye a can, yana taya shi noma da ban ruwa, ya dawo ya yi wanka ya zauna a kujerarsa kafin in fito. Hafsatu tana tuƙa masa tuwon dawa a sashensu, kwanon da ake kaiwa daga gidana kuwa maƙwabta ke ci. Duk wata yana hawa bas ya zo wurinka. Kai ka fi ni sanin yadda awonsa ya yi ta sauka. Ni abin da na gani kawai, rigarsa ta fara yi masa yawa, ya bar gyangyaɗi, yana tsokanar masu sayen lemo. Na gani da idona, ban gane lafiya ce ba.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah muka je walimar sabon gidan wani abokin kasuwa. Muna zaune cikin manyan mutane, Alhaji Mahadi mai sarin fulawa ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ɗaga murya ya ce ashe gaskiya ne tanderun Mannir ya fara sanyi, ga Bawa nan an rage masa kwano. Aka kwashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ai shi ya gan shi a bakin gulbi da fartanya, ya ɗauka ɗan ƙwadago ne. Ranar ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Washegari na ja mota har lambun. Na iske shi ya naɗe wando, laka har gwiwa, yana 'yar waƙarsa ta noma da na rabu da ji tun muna yara. A gaban Labbo, ni ƙaninsa, na ce masa ya kunyata ni a garin da na sha wuya kafin in yi suna. Na fizge fartanyar. Abin da ya ce kawai shi ne, jikinsa ya fi yi masa daɗi a haka. Na ce in abin da nake yi masa bai ishe shi ba, ya fito ya gaya wa duniya. Ya dube ni, ya wanke ƙafarsa, ya shiga mota.

Ban tsaya nan ba. Na shiga ɗakinsa na kwashe ƙwayoyinka daga ƙarƙashin matashi, na ce su ne ke tsotse shi. Na sayo masa maganin ƙarin jini na kwalba, na sa a riƙa haɗa masa malt da madarar gwangwani safe da yamma. Kwanon abinci kuwa na daina aikawa, ni nake ɗauka da hannuna in kai, in zauna. Ka san gidanmu. Babba ba ya mayar da abincin da ƙaninsa ya ɗauko masa da kansa, ko guba ce sai ya yi kara. Na san da haka, don haka ma na yi. Ya riƙa cinyewa tas, ina kallo, ina jin daɗi. Da kumatunsa suka dawo, da gangan na bi da shi ta ƙofar shagon Mahadi, na rage tafiya, na sauke gilashi.

Ranar uku ga Sallah bayan azahar muna cin soyayyen naman layya, ina tsamo masa masu kitse ina tura masa gabansa. Sai kofi ya suɓuce daga hannunsa. Na ɗago na ga bakinsa ya karkace. Yana so ya kira sunana, ya kasa.

Hafsatu ba ta zarge ni ba. Ka san irin wasan da ke tsakanina da ita, shekara ashirin da biyar tana kirana ɗan ƙaramin miji, tana cewa ni na fi burodina kumbura. Tun ranar nan Alhaji take ce mini. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yarda komai da ƙaddarar Allah. Amma ƙwayoyin nan hannuna ne ya ɗauke su, har yanzu suna cikin aljihun motata. Ka gaya mini gaskiya, kada ka tausaya mini: zai tashi? In akwai abin da za a yi, rubuto, ba zan ƙara ko wasali a kai ba.

Naka,
Mannir.

Gusau,
20 ga Yuli, 1998.

Aminina Lukuman,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya ruwa a wajenku? Nan damina ta zauna sosai, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Na ji an ce ƙaramar 'yarka ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in riƙa ba ka labarin Yaya, ga shi. Ka tuna da harshensa ya fara saki, kalmar da ta fara fita sosai ita ce 'Yankuzo. Na ce a'a, Zariya zan kai shi, ko Kano, wurin manyan likitoci. Ya rufe ido ya juya fuska bango. Sai na tuna abin da na rubuta maka, na janye maganata. Ranar da aka sallame shi ni na tuƙa shi gida 'Yankuzo da kaina.

Sati na farko da na koma duba shi, ban ma yi tunani ba na cika bayan mota da burodi da sukari da madara, don ban san yadda ake zuwa gaida mutum hannu sake ba. Hafsatu ta tare ni a bakin zaure. Ta ce Alhaji, kai ka shigo, kayanka su jira ka a waje. Ni da ba a taɓa mayar mini da kyauta ba. Na tsaya rana tana dukana, sannan na rufe but ɗin motar na shiga. Yanzu in zan je, zogale nake tsayawa in saya a Tsafe, da wake, da ɗan kifi busasshe.

Maganin yana hannunta, ba ta ƙetare lokaci. Duk sati biyu ana kai shi Tsafe wurin abokin aikinka da ka ba takarda, ya auna jini da sukari, ya ce suna sauka. Tana motsa masa hannu da ƙafa yadda ka nuna mata. Da farko bango yake dafawa daga ɗaki zuwa zaure. Yanzu da sanda yana kaiwa masallacin ƙofar gida. Amma shi ba masallacin yake lissafi ba, gona yake so, kuma ka san gonarmu tana can bayan rafi, tafiya ce mai ɗan nisa. Na ce in kai shi a mota ya gani. Ya ce a mota aka raba shi da ita, da ƙafarsa zai koma, in Allah ya so kafin a yanke dawa.

Ranar Lahadin da ta wuce na nemi gafararsa. Na shirya magana mai tsawo tun daga Gusau, da na durƙusa gabansa duk ta gudu. Da nauyin harshensa ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, ai da hannunsa ya ci, kuma ya san don so na yi. Wallahi Lukuman wannan kalma ta so ita ta fi yi mini ciwo, don ni na san rabinsa so ne, rabinsa bakin Mahadi ne. Sannan ya ɗaga sandarsa ya zunguri tumbina, ya ce in je Lukuman ya ɗinka mini nawa wandon.

Shi ya sa ka gan ni ranar Alhamis. Na gode da ka shigar da ni ciki ka rufe ƙofa kafin ka fito da tef ɗin, na kuma gode da ba ka ce ai ka faɗa ba. Duk abin da ka samu a jikin Yaya ka same shi a nawa, har nawa cikin ya fi. Ina shan ƙwayoyin. Shayi ba sukari kamar ruwan wanke kofi yake, amma ina sha. Lemo ina sayarwa, ba na buɗewa. Kullum da safe daga gida zuwa gidan burodi a ƙasa nake zuwa, in isa jiƙe da gumi.

Sai dai akwai abin da zan gaya maka. Duk wanda ya tsayar da ni ya ce Alhaji ina motar, sai in ce wahalar man fetur ce. Tunda kowa yana layi a gidan mai, ana yarda. Ka ga har yanzu ban warke daga ainihin ciwon ba.

A gaida Nafisa.

Naka,
Mannir.

'Yankuzo,
9 ga Nuwamba, 1998.

Aminina Lukuman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya. Yaya kaka a wajenku? Takardarka ta iske ni ranar Juma'a, na taho da ita nan na karanta wa Yaya. Yana gaishe ka, Hafsatu ma ta ce a gaishe ka da kyau.

Jiya Yaya ya isa gona da ƙafarsa. Mun fita da hantsi, shi da sanda a hannun hagu, ni a bayansa. Ƙafar tana ja, amma tana ɗaukarsa. Sau uku ya zauna ya huta. A rafi na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ce in kula da kaina, ni ne nake haki. Da muka hau tudu ya hango dawarsa ta sunkuya da nauyi, sai ya tsaya yana kallonta.

'Yan ƙwadago suna yanka. Ya ce a ba shi wuƙa. Ya ɗora ta a tafin hannun dama, ya lanƙwasa yatsun da hannun hagu, ya saki, ta faɗi. Ya sa aka ɗauko, ta sake faɗuwa. Bai ƙara cewa a ɗauko ba. Sai ya juya ya hau su da faɗa wai ba haka ake ɗaure dami ba, suna dariya yana dariya. Ni na zagaya bayan wata bishiyar kuka na tsaya. Likitan Gusau ya riga ya gaya mini kada mu sa rai da hannun. Ƙafa ta dawo, Lukuman, sukari da jini sun kwanta, amma Yaya ba zai ƙara noma ba. Rantsuwar da na yi shekara goma da suka wuce ta cika, ta hanyar da ban nufa ba.

Yanzu maganar takardarka. Ka ce za ka riƙa bin kasuwannin Bungudu da Tsafe kana yi wa mutane bayanin wannan ciwo, za a kuma buga 'yar takarda da boko da ajami a raba, kana neman izinin ba da labarinmu ba tare da suna ba, wai wani manomi da wani ɗan'uwansa mai hali. Yaya ya ce ka bayar, nasa sunan ka yi yadda ka ga dama.

Nawa kuwa ban yarda a ɓoye ba. Irina suna da yawa a Gusau. Kowa ya samu ya ɗauko ubansa ko wansa daga ƙauye ya dasa shi a kujera, yana ɗura masa shayi da lemo, ana sa masa albarka. In ka ce wani mai hali, kowannensu zai ɗauka da maƙwabcinsa kake. In ka ce Mannir mai burodi, sun san ni, sun san Bawa, da yawansu suna wurin walimar nan suna dariya. Daga gobe ma na bar laƙa wa man fetur, duk wanda ya tambaye ni ina mota zan ce masa sukari gare ni da hawan jini.

Saboda haka ka rubuta shi cikakke, kada ka rage harafi ɗaya: Alhaji Mannir Jatau 'Yankuzo, mai gidan burodi a Gusau. Ka rubuta cewa wansa ya samo lafiyarsa da kansa a bakin gulbi, shi ya je ya ƙwace. Ka rubuta cewa shi ya kwashe maganin, shi ya ɗauki kwanon da hannunsa, don kada a ce ya karye. Ba wanda ya taya ni yin wannan, kada a raba shi da kowa. In takardar ta fito na duba ban ga sunana ba, zan zo Bungudu in sa ka sake bugawa, kuma a ƙasa zan zo.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Mannir Jatau 'Yankuzo.